Asmar yara a Tamanrasset: famfon da ba ya ƙarewa shi ne abin tsoro

A gidajen da ke da yaro mai asma a garin nan, daga Tahaggart har Gataa El Oued, in ka ce uwar gida ta ɗauko maka maganinsa, galibi famfon shaƙa biyu za ta zaro daga cikin leda, irin wanda masu farmasi ke ce wa pompe. Ɗaya shuɗi ne, ya sha hannu har rubutun jikinsa ya goge, in ka girgiza shi da ƙyar ka ji motsin wani abu a ciki. Ɗayan kuwa, ruwan ƙasa ko ruwan lemo, yana nan sabo fil kamar jiya aka sayo shi, alhali tun sanyin bara likita ya rubuta shi. Iyaye hankalinsu na kan wanda ya ƙare, ina za a samu kuɗin wani. Ni wancan da ya ƙi ƙarewa shi ke tayar mini da hankali, domin shi ne dalilin da ya sa yaron nan zai sake kwana a asibiti a watan Janairu.

Maganar da nake so mu yi ke nan tun sanyi bai kankama ba: maganin da ke tsare ran yaro mai asma shi ne wanda ake ba shi a ranakun da yake lafiya ƙalau, yana ƙwallo a ƙofar gida. Mu kuma a ranakun nan ne muke ajiye shi.

Asma, wadda kakanninmu ke ce wa fuka, ciwo ne da ke zaune a hanyoyin iska na cikin huhu. Cikin hanyoyin nan a kumbure yake, ko da yaro ba ya tari, ba ya shessheƙa. In ƙura ko hayaƙi ko sanyi ko mura suka taɓa wurin, sai naman da ke kewaye da hanyar ya matse, majina ta taru, iska ta rasa inda za ta bi. Famfon shuɗi, wanda kowa ya sani da sunan Ventoline, maganin da ke cikinsa salbutamol ne. Aikinsa ya saki naman da ya matse. Cikin 'yan mintoci yaro ya samu numfashi, bayan awa huɗu zuwa shida ƙarfinsa ya tafi. Kumburin kuwa bai taɓa shi ba ko kaɗan. Famfo na biyu, mai ɗauke da magani irin su beclometasone ko fluticasone ko budesonide, shi ke kwantar da kumburin. Amma shi ba ya nuna kansa nan take. Sai an yi mako ɗaya ko biyu ana shaƙa safe da dare kafin a fara ganin bambanci, cikakken amfaninsa kuma sai an ɗauki watanni. Launi kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka a riƙe su da aikinsu: akwai na agaji, akwai na kullum.

To ka ga inda gizo ke saƙar. Uwa ta fesa na agaji, ta ga ɗanta ya farfaɗo a gaban idonta. Ta fesa na kullum, ba ta ga komai ba. Duk mai hankali in ba a yi masa bayani ba, zai ce na farkon ne magani, na biyun cin kuɗi ne. Ba wauta ba ce, abin da ido ya nuna mata ke nan.

Garin da muke zaune ba ya yi wa mai asma sauƙi. Tamanrasset na kan tudu, sama da mita 1,300 bisa teku, a tsakiyar duwatsun Ahaggar. Wanda ya taso Maraɗi ko Damagaram ya san hunturu, amma daren Disamba da Janairu a nan wani abu ne daban, sanyi kan sauka kusa da ƙanƙara, iskar kuma busasshiya ce mai yanka maƙogwaro. Ƙura kuwa ba a magana. A kan dutsen Assekrem, mai tsayin sama da mita 2,700, akwai tashar da masana yanayi na duniya ke auna abin da ke yawo cikin iska, har da ƙurar Sahara. Su suna aunawa da na'ura, 'ya'yanmu na aunawa da huhunsu. Sai kuma abin da muke ƙarawa da hannunmu: ɗaki ɗaya mutum shida ko bakwai, an toshe taga da bargo, an shigo da gawayi don jin ɗumi, ga na shayi a gefe, ga turaren wuta, ga maigida da sigarinsa. Wasu daga ciki za mu iya gyarawa, kuma ya kamata mu gyara tun daga sigari da gawayi a ɗakin kwana. Amma ba wanda zai hana iska tashi ko ya hana sanyi sauka. Tunda ba mu da iko da sararin sama, abin da ya rage mana shi ne mu kwantar da kumburin da ke cikin ƙirjin yaron kafin iskar ta iso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke fama da asma, kuma ta kashe mutum 455,000 a shekarar, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Birtaniya, inda ba a rasa asibiti ba a rasa magani, likitoci sun bi diddigin mutum 195 da asma ta kashe, suka fitar da rahoto a 2014. Cikin waɗanda aka samu bayanin maganinsu, kusan kashi 40 cikin 100 an rubuta musu famfon agaji fiye da 12 a shekararsu ta ƙarshe, yawancinsu kuma ba su karɓi na kullum yadda ya kamata ba. Kusan rabin mamatan sun cika ba su nemi taimako ba, ko kafin taimakon ya iske su. Ƙungiyar GINA, wadda likitocin duniya ke bin ƙa'idojinta kan asma, ta ce wanda ke ƙarar da famfon agaji uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwo, wanda ya kai 12 kuwa haɗarin mutuwa ne ya ƙaru. A 2019 ta daina ba da shawarar a bar manya da matasa a kan famfon agaji shi kaɗai. Ke nan shuɗin famfon da ke yawan ƙarewa a gidanka ƙararrawa ce.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ke sakaci. A 1996 an yi wani gwaji a birnin Denver na Amurka: aka sa wa famfunan wasu yara 'yar na'ura mai ƙirga feshi. A takardar da suke cikawa sun rubuta cewa sun shaƙi sama da kashi 95 cikin 100 na maganin kullum. Na'ura ta ce kimanin kashi 58. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 ma ya nuna cewa ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke bin magani yadda aka ce. Mantuwa da gajiya halin ɗan Adam ne. Sai dai mu a nan muna da ƙarin dalilai namu, kuma ina ganin gara a faɗe su ɗaya bayan ɗaya, a ba kowane haƙƙinsa.

Na farko shi ne “ai ya warke”. Yaro ya yi wata guda ba tari, yana barci har asuba, sai a ce alhamdu lillahi, a ajiye famfo. Alhali lafiyar nan da ake gani aikin famfon ce. In aka daina, kumburin zai dawo a hankali cikin makonni, ba wanda zai lura, sai ranar da mura ta shigo gida.

Na biyu tsoro ne, kuma iri biyu ne. Akwai masu cewa in yaro ya saba da famfo ba zai iya rabuwa da shi ba, kamar mai shan taba. Babu abin sa maye ko sabo a cikin waɗannan magunguna. Yaron da ke neman shuɗin famfo kullum, ciwonsa ne ba a shawo kansa ba. Akwai kuma masu jin kalmar kortizon su ja da baya, saboda sun ga yadda ƙwayar sha-ka-fashe ke kumbura fuska ta lalata jiki. Gaskiya ne maganin kullum dangin kortizon ne. Amma ana auna shi da mikrogiram, wato kashi ɗaya cikin dubu na miligiram, kuma kai-tsaye yake zuwa huhu, kaɗan ne ke shiga jini. Yana da nasa illa, ba zan ɓoye ba. Yakan sa farin gansa-kuka a baki ko dishewar murya in ba a kurkure baki ba bayan shaƙa. Wani dogon bincike a kan yara kusan 1,000, wanda aka wallafa a 2012, ya gano cewa waɗanda suka yi shekaru suna shaƙar budesonide sun gaza sauran da kimanin santimita 1.2 a tsayi bayan sun girma. Faɗin yatsa ma bai kai ba. Abin mamakin shi ne, gidan da ke gudun wannan ɗan feshin shi ne kuma ke karɓar ɗigon Célestène ko ƙwayar Solupred sau huɗu sau biyar a shekara duk lokacin da ciwo ya tashi, kuma su ɗin kortizon ne da ke zaga jiki gaba ɗaya. An gudu daga yayyafi an faɗa kogi.

Na uku kuɗi, kuma nan ba zan yi wa kowa wa'azi ba. Tun Janairun 1974, zamanin Shugaba Houari Boumediene, ganin likita a asibitin gwamnati a Aljeriya kusan kyauta ne. Amma takardar magani farmasi ake kai ta. Mai katin Chifa, wanda aka fara bayarwa a 2007, inshora ke ɗauke masa mafi yawan kuɗin. Mai aikin gini na yini, da mai tura baro a kasuwar Assihar, da matar da ke wankau a gidajen mutane, da yawansu ba su da katin, dinarinsu za su ƙirga. In kuɗin bai isa biyu ba, shuɗin za a ɗauka, kuma ba laifi, shi ne na ceton rai a daren. Abin da nake roƙo a yi shi ne lissafi. Daren da ciwo ya tashi akwai kuɗin mota, akwai sabuwar takardar magani mai layi huɗu ko biyar, akwai yini biyu ko uku da uba bai je aiki ba, uwa ba ta yi sana'a ba, yaro bai je makaranta ba. A haɗa wannan sau uku a sanyi ɗaya, a gwada da kuɗin famfon da zai yi wata biyu ko uku. Kuma a tambayi mai farmasi ko akwai irin maganin na wani kamfani mai rahusa, tambaya ba ta zubar da girma.

Na huɗu harshe. Na sha raka maƙwabta ganin likita don in yi musu tafinta, kuma abin da na lura shi ne bayanin da ya fi komai muhimmanci, wato wanne ne na kullum wanne ne na agaji, cikin rabin minti ake yin sa, da Larabci ko Faransanci, layi na jira a waje. Uwar da Hausa ce harshenta, sai ɗan Tamashek na ciniki, ta gyaɗa kai don kunya, ta fito. Wata baiwar Allah da na sani ta yi watanni tana ba ɗanta na kullum ne kawai in numfashi ya sarƙe, ta ga ba ya yin komai, ta yanke cewa jabu aka sayar mata. Maganin lafiyarsa lau. Bayanin ne bai iso ba.

Na biyar, takardu da tafiya. Tun yarjejeniyar 2014 tsakanin Aljeriya da Nijar ake kwasar mutane a motoci ta nan zuwa In Gezam, kimanin kilomita 400, a tsallaka da su Asamaka. Wanda ba shi da takardar zama yana tunani sau biyu kafin ya nufi ko wane ofishi, har da asibiti, sai abu ya ci tura. Wasu kuma da kansu suke tafiya, Arlit, Agadas, Tawa, Kance, a yi wata uku a gida a dawo. Hanyar nan ƙura ce tsantsa, kuma ba kowane ƙauye ne za a samu famfon kullum ba. Ga mai irin wannan zama shawarata ita ce famfunan yaro da takardar likita su zauna a jaka guda wadda hannu zai kai gare ta cikin duhu, a kuma ɗauki hoton takardar a waya. Ai tsoron asibiti ma hujja ce ta riƙe maganin kullum da kyau, domin shi ke rage ranakun da dole sai an je.

Na ƙarshe kunya, musamman a kan 'ya mace. Ana ɓoye famfo kada maƙwabta su gani, kada gobe a ce yarinyar mai ciwo ce, manema su gudu. Yarinyar da ke shan maganinta tana gudu tana karatu kamar kowa, ba mai ganewa. Wadda aka ɓoye wa magani ita ce duk unguwa ke jin tarinta da tsakar dare.

Yanzu ga iyaye maza, 'yan uwana. Mun mayar da ciwon yaro sha'anin mata, namu biyan kuɗi da faɗa in abu ya lalace. Mutum nawa cikinmu ya san sunan maganin ɗansa, ko feshi nawa ake yi masa? Sau da yawa maigida ne ya fi jin Larabci a gidan, amma ba shi ke shiga ɗakin likita ba. Malam, minti biyu ne da safe kafin ka fita, minti biyu bayan isha'i. In ka ɗauki na dare ka bar mata na safe, an raba nauyin, kuma yaro ya ga abin da muhimmanci. Yaro ɗan shekara takwas ko tara ba a sakar masa famfo a ce “ka shaƙa ko?” ya ce “e”. A tsaya a gani. Sigari kuma a waje, nesa da ƙofa.

Ko an shaƙa kullum, in ba a iya ba, maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Yara ba sa iya haɗa matsa famfo da jan numfashi a lokaci guda, shi ya sa ake haɗa shi da bututun shaƙa, wanda a farmasi za ka nema da sunan chambre d'inhalation. Na ƙananan yara yana da abin rufe hanci da baki. A girgiza famfo, a sa shi a bututun, a matsa sau ɗaya, yaro ya yi numfashi biyar ko shida a ciki, sannan in akwai feshi na biyu a sake daga farko. A kurkure baki, a goge fuska. Bututun a wanke shi da ruwan sabulun kwanoni kamar sau ɗaya a wata, a bar shi ya bushe da kansa ba tare da gogewa ba. Wanda bai samu na saye ba, a 1999 Dakta Heather Zar da abokan aikinta a asibitin yara na Red Cross da ke Cape Town sun nuna cewa gorar roba ta rabin lita, in aka huda gindinta daidai bakin famfo ba tare da iska na fita ba, tana aiki kamar na kanti ga yaran da suka iya kama bakin gora. A nemi ma'aikacin jinya ya nuna yadda ake yi.

Azumi ma kan sa wasu su yanke magani wata guda. Yaron da bai balaga ba azumi bai wajaba a kansa ba. Wanda ya balaga kuma, maganin safe da dare yana shiga daidai sahur da bayan buɗa-baki. A kan shaƙar famfon agaji da rana malamai sun saɓa, Shaihu Bin Baz da Shaihu Usaimin na cikin masu ganin ba ya karya azumi, wasu na ganin a rama. Amma ba malamin da ya ce a bar yaro numfashinsa ya ɗauke. Zuma da habbatus-sauda da addu'a, ba wanda ya hana, a yi su tare da magani. Hayaƙin turare ko na wani saiwa da ake turara wa yaro a ƙarƙashin bargo kuwa, wannan a bari, ƙara rura wutar yake.

Wani zai ce, to har abada ke nan? Ba lalle ba. Ba duk yaro mai shessheƙa ne ke buƙatar famfon kullum ba, likita ke tantancewa. Wanda aka ɗora a kai, in ya yi kamar wata uku lafiya, likita na iya rage yawan feshin mataki-mataki, wasu yaran kuma ciwon kan lafa in sun girma. Amma ragewar a ɗakin likita ake yanke ta, da famfunan a hannu ya gani, ya kuma ga yadda yaro ke shaƙa. In an tsallake kwanaki a faɗa masa gaskiya. In aka ce masa ana sha alhali ba a sha, ƙara ƙarfin magani zai yi a banza.

Ga ma'aikatan lafiya na garin nan, waɗanda muke gode wa ƙoƙarinsu, roƙona ƙarami ne: a zana rana da wata a jikin kwalin na kullum, a sa uwa ta gwada a gabanku sau ɗaya, a rubuta mata abin da za ta yi in ciwo ya tashi. Shugabannin al'ummarmu da limamai da ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke nan za su iya tsara matasa masu jin Larabci da Faransanci su riƙa raka mata. Malaman makaranta da na allo kuma su bar yaro ya riƙe shuɗin famfonsa a aljihu, kada a kulle shi a akwati.

Kowa a gida, har kaka da yayye, ya san alamun da ba a jira da su: yaro ya kasa haɗa magana, jariri ya kasa kama nono, fatar tsakanin haƙarƙari ko ƙasan wuya na lotsawa in ya ja numfashi, leɓe ya canja launi, ya yi laushi yana gyangyaɗi, ko an ba shi na agaji bai ji sauƙi ba. A ci gaba da ba shi na agaji ta bututu yadda likita ya rubuta, a zaunar da shi, a kama hanyar asibiti ko a kira Protection civile a lamba 14. Ba a jiran gari ya waye.

Abu ɗaya kowa zai iya yi yau. A ɗauko famfon kullum a duba kwalinsa, adadin feshi na rubuce. Mai 200, in ana yin biyu da safe biyu da dare, kwana 50 zai yi. In ɗaya-ɗaya ne, kwana 100. Mai 120 a ɗaya-ɗaya, kwana 60. A rubuta ranar da aka buɗe shi da ranar da ya kamata ya ƙare a jikinsa, a ajiye shi kusa da butar alwala ko kwanon shayin safe, inda ido ba zai tsallake shi ba. In ranar ta zo famfo na nan da nauyinsa, an san abin da ya faru, a koma wurin likita tun kafin Disamba. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya sa mu fita sanyin bana kowa da nasa.